Kyandir a Bakin Ƙofar Aji

Kullum Malama Mai Kyandir kan riga kowa isa makaranta, har mai gadi ya gaji da mita. Jakarta ba ta rabo da alli, ashana da guntun kyandir, shi ya sa laƙabin ya danne sunanta na yanka.

Duk wanda ya ratsa ajinta ba ya manta ranar darasin iska. Sai ta sa a rufe tagogi har gumi ya karyo wa kowa, sannan ta ɗan buɗe ƙofa, ta ɗaga kyandir can sama, harshen wutar ya karkata waje. Ta durƙusa da shi ƙasa, ya karkato ciki.

"Kun gani?" in ji ta. "Iska mai zafi ta tashi ta fita, mai sanyi ta shigo ta maye gurbinta. Haka rana ke gasa tsakiyar duniya, iskar can ta yi sama ta nufi yankunan sanyi, ta sanyin ta biyo ta ƙasa. Kai mai gyangyaɗi, da kai nake."

Mai gyangyaɗin nan yau magini ne, kuma ba ya gina ɗaki bai bar 'yar taga kusa da rufi ba.

Da lokacin ritaya ya zo, hannunta ya riga ya soma rawa. Burinta ɗaya, ta yi darasin nan na ƙarshe da kanta. Tsofaffin ɗalibai suka cika bayan aji. Ta ɗaga kyandir, wutar ta dinga kai-komo tare da hannun.

Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ba mu gane inda ta nufa ba."

Kunya ta rufe ta, idonta ya ciko. Sai maginin ya taso ya tallafi gwiwar hannunta. "Malama, ki riƙe kyandirinki, hannun ki bar mini."

Wutar ta natsu, ta karkata waje. Suka durƙusa tare, ta karkato ciki.

Malama, ke ce kika shigo mana da duniya ta 'yar ƙofar nan, uwar masu tambaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malaman yau, ku yi koyi da ita. Sauran kyandirin yana nan a aljihun teburinta, da gangan ta bar shi.