Sha-Kumfa da kwat ɗin mutane

Ranar da maƙwabcina Sha-Kumfa ya je ofishin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, da kwat ya tafi, da singileti ya dawo. Ni na raka shi, ba labari aka ba ni ba.

Mai wanki da guga ne. Tun yana saurayi hannunsa ke cikin ruwan sabulu, shi ya sa muka laƙaba masa sunan. Ɗaki ɗaya gare shi a gidan da muke haya: shi, matarsa, 'ya'ya biyar, da kayan mutane tsibi-tsibi. Yaran a kan ƙullin wanki suke kwana, in an zo karɓar kaya sai an ɗaga yaro tukuna. Ga mai gida ya ce ruwan wanki na cin gininsa, ya nemi wani wuri kafin damina.

Ana haka aka gama wasu benaye, ciki biyu da falo, haya mai sauƙi, amma sai iyalin da samunsu bai taka kara ya karya ba. Kowa ya san irin wurin nan da tsummanka kake zuwa. Ban da mutumina. Wai shi ba ya shiga ofis kamar wanda aka koro. Ya zaro wani kwat ruwan toka cikin kayan guga, ya zura, har da turare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan za ka nema ko benen za ka saya?"

Ya ce, "Rufe mana baki."

Matar da ke tantance mutane ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, mai irin wannan shiga ba layinsa ba ne nan." Sai kuma ta ƙura ido. "Tsaya. Matso. Wannan maɓallin ai ni na ɗinka shi da baƙin zare."

Ashe na mijinta ne. Yaron gidansu ke kawo wankin, shi ya sa bai santa ba. Ya tuɓe kwat a gaban jama'a, ya ninke shi tsaf, abin ka da gwani. Ta ce rigar cikin ma tasu ce. Ita ma ya tuɓe.

Muka kamo hanyar gida, yana gaba da singileti. Ni kuwa dariya har da riƙe ciki. Da muka iso ya ce wa matarsa ta haƙura, gida ya tafi, mai kawo wanki ma ya tafi. Ta ce, "Da ka tambaye ni, da zanen gado na ɗaura maka."

Sai ga matar ofishin nan wata safiya, wai ƙa'ida ce a zo a ga inda mai nema yake zaune. Na leƙo ta taga, don irin wannan ba ya wuce ni. Ta tsaya bakin ƙofa, wurin sa ƙafa ma babu. Riguna reras a igiya, leshi, labule, barguna, duk masu tsada.

Yau dai Sha-Kumfa na hawa na biyu, yara na da ɗakinsu, yana shanya a baranda yana ɗaga mini hannu kamar gwamna. In ka tambaye ni, amsa ɗaya ce ta ba shi makullin. A wannan safiyar, da matar ofishin ta gaji da kallo sai ta ce, "Malam, tsakani da Allah, a ɗakin nan mene ne naka?"

Ya nuna yaran da ke jere jikin bango.

"Ga su nan, ranki ya daɗe. Su kaɗai ne na wanke ba wanda ya zo karɓa."