Shayin da Antin Yara Ta Kawo

Shekarun baya, tun 'yata ta fari tana goye, tsorona ɗaya ne, kada ta girma ta tafi ta bar ni. A ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma, duk yaron da ya yi ƙoƙari a makaranta sai ya wuce Kaduna, daga nan kuma sai dai muryarsa a waya.

Shekarar da ta shiga firamare, yayar maigidana da ke aikin nas a ƙasar waje ta zo Kirsimeti. Ta miƙo min wani kwali mai kyau ta ce, "Matarmu, shayi ne, yana maganin mura." Na karɓa hannu biyu, na kulle a akwati tare da zanina na zumuntar matan coci. Ko maigida ban ɗanɗana masa ba.

Sai ranar da matar fasto ta ziyarce mu na buɗe, na haɗa mata, na zuba wa uwar mijina. Mama ta kurɓa ta dube ni.

"Amarya, wannan ai citta ce."

"A'a Mama, daga ƙasar waje yake."

"To citta ce ta je yawo ta dawo."

Matar fasto ta juya kwalin ta karanta, ta ce gaskiyar Mama ce, citta ce zalla. Lokacin buhunan citta sun cika mana ɗaki har muna atishawa, hannuna duk yankan wuƙa wajen tsaga ta. Ni kuma na kulle ta a akwati.

Na ce ni ma zan gwada sayar da tamu a matsayin shayi. Na daka, na tankaɗe, na ƙulla a leda na kai kasuwar Kafanchan. Wata mata ta ɗaga ta ce, "Madam, abin da ke bayan ɗakina zan saya?" Haka na dawo da kayana. Maƙwabciyata ma ta ƙi tawa, amma ta roƙi ta kwalin. Abin kunya, ni ma ta kwalin ta fi min daɗi, ban san dalili ba.

Na tambayi maigida, me ya sa mu ke noma, su na ƙasar waje ke da arziki? Ya ce laifin shugabanni ne. Da yayarsa ta kira na tambaye ta, ta ce can ba a ɗauke wuta, kuma suna da injina. Na ce, "Anti, su wa ya fara ba su wutar?" Ta yi dariya ta ce maganar tana da tsawo.

Kwalin ya ƙare, 'yata ta mayar da shi abin wasa. Wata rana muna shanya citta ta ce, "Mama, in na girma zan je inda ake sa ta a kwali." Na buɗe baki in ce ta zauna mu sa ta a nan, sai na ga ban san ta yaya ba.

Yanzu tana sakandare, tana zuwa ta ɗaya, kuma ba ta canja magana ba. Don Allah, wanda ya gane wannan abu ya bayyana min da Hausa mai sauƙi. Ina so in sami abin faɗa mata kafin ta gama makaranta.