Allin Aljihuna

Shekarar da nake koyarwa a wata lakkol ta bakin tafkin Madarunfa, alli ya riƙa ɓacewa daga aljihun rigata. Ni kuwa mutum ne mai saurin zargi, har na ja wa ɗalibaina kunne a banza. Ashe ɓarawon yana cikin gidana.

Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da matata a bayan rumbu, leɓɓanta fari fat, tana ƙumus-ƙumus kamar mai cin gyaɗa. Cikinta ya fito sosai a lokacin. Dariya ta zo mini, amma da na dubi idonta sai na haɗiye ta. Ɗanmu na fari bai zo duniya da lafiya ba, bai kuma daɗe ba.

"Malam, na kasa bari," ta ce. "In wannan ma ya zo da lahani, ni na jawo."

Maƙwabta suka sa baki. Wata ta ce jaririn zai fito fari, wata ta ce kowace mai ciki da irin kwaɗayinta. Ban gamsu ba. Na ɗauki guntun allin, na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi wurin yayata, wadda ke aiki a ɗakin gwajin magunguna.

Ta murmushe allin a tafin hannunta. Ta ce gishiri ne na sinadarin da ke gina ƙashi. Irinsa akan zuba wa ƙananan ƙwayoyin halitta a kwalba, a duba ko zai ɓata abin da ɗa ke gada daga iyayensa, kuma ita ba ta san an kama shi da wannan laifi ba.

"To shi ke nan, Yaya?"

"Kai dai gaggawa gare ka tun kana ƙarami. Na san gishirin, ban san mi suka gauraya cikin wanga ba. Kuma mai cikin da ka cin alli, sau da yawa jini ya yi mata kaɗan. Ka kai ta likita."

Haka kuwa aka samu. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ni kuma na koma barin alli a aji. Kwaɗayin ya ragu, tsoron dai yana nan. Ina jin ta tana addu'a tana shafa ciki, nima tsoron nake ji, ina ɓoyewa ne kawai.

Ranar haihuwa ba ta tambaya ko mace ce ko namiji ba. Sai da unguwarzoma ta juya mata ɗiyar gaba da baya, ta taɓa kowane yatsa, sannan matata ta kira ni. Ta buɗe hannunta, sai ga guntun alli ya jiƙe da gumi, babu alamar haƙori a jikinsa.

"Amshi abinka, Malam," ta ce. "Tun ranar da ka tarar da ni bayan rumbu nike riƙe da shi, ban ci ba."