Yankan Farko na Kek ɗin Kabewa

Darla Stroud ba ta taɓa zama a ajin makaranta ba, kuma tana faɗin haka da alfahari. A kan teburin kicin mahaifiyarsu Bernice ta karantar da ita da ƙanwarta Junie, a wani gidan gona cikin tsaunukan Missouri. Da Darla ta auri Dwight, mai gyaran tarakta, ta haifi Silas, sai ta ajiye aikinta na shagon magani ta ce ɗanta ma a teburinta zai yi karatu. Mace ce mai himma, ita ke gasa burodin gida, ita ke yi wa awaki allura. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya ganin wani ya riga ta, balle Junie da ita ta koya wa ɗaura igiyar takalmi.

Akwai wata al'ada a gidan tsohuwa Bernice. Ranar Bikin Godiya, da dangi ke taruwa cin abinci sau ɗaya a shekara, bayan an gama cin talotalo, jikan da ya iya karatu a shekarar zai hau kujera ya karanta ɗan abu daga Zabura. In ya gama, kakar ta tambaye shi, "Wa ya koya maka?" Ya ce mamarsa. Sai a ba uwar yankan farko na kek ɗin kabewa, ana ta tafi. Darla ke gasa kek ɗin, ita ke yankawa. Ta miƙa wa matan yayyenta ɗaya bayan ɗaya tana murmushi, don ta san nata na tafe. Ba kek ɗin ne ya dame ta ba, tana iya gasa goma ta cinye. Kalmar nan take so ta ji daga bakin Silas a gaban kowa.

Da Silas ya shiga shekara shida ta zaɓi manhajarta: wani jan littafi mara hoto, mara ado. Uwa ta nuna harafi, yaro ya faɗi sautinsa, a hankali a fara haɗawa. Silas ya haddace sautukan tsaf, amma haɗa baƙi ya gagara. Zai faɗi kowane sauti daban, ya tsaya, ya leƙa taga yana kallon awaki. Haka suka yi ta fama wata da watanni, suna ci gaba kaɗan-kaɗan.

Ana nan sai Junie ta turo bidiyo a zauren dangi na waya. Opal ce, 'yarta mai shekara huɗu, tsaye gaban buhun abincin kaji tana karanta rubutun jikinsa tiryan-tiryan. Darla ta aika da hoton zuciya. Sannan ta shige ɗakin wanki ta rufe ƙofa, ta kalli bidiyon har batirin wayar ya yi ja. Kishi ne ya turnuƙe ta, kuma ta san shi ne.

Ta kira ƙanwar.

"Ke, da me kike koya wa yarinyar nan?"

"Wasu katuna ne masu mannewa a jikin firji, Yaya. Amma gaskiya ita ta kama abinta, ni ban yi wani abin kirki ba."

Wannan "ban yi wani abin kirki ba" ya fi komai ƙona wa Darla rai. A ranar ta lanƙwasa shafin da suke, ta rufe jan littafi, ta yi odar katunan.

Abin da masu sayar da manhaja ba sa faɗa wa uwa shi ne kowace da nata tsarin, kuma kowace daga farko take so a faro. Katunan suka yi wata biyu ba labari. Wata mata a coci ta ce ai manhaja mai waƙa da motsin hannu ita ce magani, Darla ta sayo. Wata ta ce yara maza sai da tiren yashi, su zana harafi da yatsa, ta sayo. Ta sayo mai hotunan dabbobi. Duk lokacin da Opal ta karanta sabon abu, mai kawo saƙo sai ya tsaya a ƙofar Darla da sabon kwali. Silas ya koma in ya ga harafi ɗaya sai ya murɗa hannu kamar maciji, ya rera waƙa, ya kira sunan dabba, ya nemi yashi. Karatun ne kawai babu.

"Maman Silas," in ji Dwight yana wanke baƙin mai a hannunsa, "wannan karatu ne ko rawa kuke koya? Ki tsaya a kan guda mana."

"Kai da tarakta ɗaya kake gyara mako guda, kai ne za ka koya min aikina?"

Bikin Godiya na shekarar, Opal ta hau kujera da ƙyallen ado a gashi, ta karanta. Darla ta yanka kek ta miƙa wa Junie, ta yi tafi daidai gwargwado. 

Da bazara iyaye mata suka yi kasuwarsu ta tsofaffin littattafai a ɗakin ƙasa na coci, kowa ta baje abin da ya ƙi ta a kan tebur, tana yaba shi kamar ba ita ta gaji da shi ba. Teburin Darla ya fi na kowa cika. Junie ta zo ta ɗaga jan littafin.

"Yaya, wannan fa?"

"Ɗauki, na ba ki. Ba ya aiki."

"Zan ajiye wa ƙanin Opal."

"Shi ma ai a cikin zanin goyo zai fara karatu, na sani."

Junie ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne.

Darla na da ciki a lokacin, kuma cikin ya zo da rigima. Da lokacin kaka ya kama, likita ya ce ta kwanta, kada ta tashi sai ta haihu. Dole Dwight ya riƙa sauke Silas a gidan Junie kullum da safe. Darla ta kafa sharaɗi daga kan gado.

"Lissafi za ki yi masa, da zane. Karatu nawa ne, ki bar min abina."

"To, Yaya."

Ta kwanta tana bincike a waya, har ta gano wata sabuwar manhaja da za su fara in ta tashi.

Ta haihu lafiya, mace. Ranar Bikin Godiya ta lallaɓa ta gasa kek ɗinta, don ba ta yarda wani ya taɓa wannan aikin ba. Aka ci aka ƙoshi. Tsohuwa Bernice ta buga cokali a jikin kofi ta ce, "To, bana akwai mai hawa kujera?" Darla ta sunkuyar da kai tana goge wuƙar da ba ta da datti.

"Ni, Kaka."

Silas ne. Ya hau kujera, aka miƙa masa littafin, ya sa yatsa a ƙarƙashin layi. A hankali yake tafiya, yana jan kowane sauti har ya manne da na gabansa, ya tsaya, ya koma, ya wuce. Babu maciji, babu waƙa. Dwight ya cire tabarau yana murza ido. Darla kuwa hawaye kawai take, daɗi ya cika ta har ta manta da kowa a ɗakin. Ɗanta na karatu.

Sai tsohuwar ta ce, "Wa ya koya maka?"

Silas ya kalli uwarsa, ya kalli Junie da ke ta yi masa nuni da ido. Yaro ne da aka hora a kan kada ya yi ƙarya, kuma Darla ce ta hore shi.

"Anti Junie ta ce in ce Mama," ya ce. "Amma ita ce."

Junie ta yi ja har kunne.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba ni na fara ba. Shi ya ga jan littafin a kan kantar littattafai ya ɗauko, ya ce nasa ne. Daga inda kika lanƙwasa shafi muka ci gaba. 'Yan shafuka kaɗan muka yi ya haɗa da kansa. Aikinki ne duka, saura ƙiris kika tsaya."

Don ta kwantar mata da hankali ta faɗa, amma da ta yi shiru da ya fi. Darla ta tuna ranar da ta lanƙwasa shafin nan, da abin da ya sa ta lanƙwasa shi.

"Al'ada dai al'ada ce," in ji Bernice, wadda ba ta taɓa sassauta wa kowa ba. "Darla, yanka."

Ta ɗora wuƙar inda yankan zai fito siriri kamar takarda, kuma har ga Allah haka ta so ta yanka. Sai ta ɗaga ido ta ga Silas bai sauko daga kujera ba. Bai ma san an yi wani abu ba, yatsansa ya riga ya gangara layi na gaba, leɓensa na motsi. Ta matsar da wuƙar, ta yanko babba, ta zagaya teburin ta ajiye a gaban ƙanwarta, karo na biyu.

"Yaya, mu raba."

"Ci abinki," Darla ta ce.

Ta koma ta yanka wa kowa nasa, yara da manya, har faranti ya kusa ƙarewa. Da Dwight ya tura mata guntun da ya rage, sai ta ce ta ƙoshi.