Rabon Maraƙar da Na Tatse

Ku matso kusa, 'yan uwa masu karanta wannan mujalla, musamman mata masu ɗan kiwo a cikin gida, akwai abin da ya daɗe yana cin raina da nake so in faɗa muku. Ni mutuniyar Potiskum ce, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ba mai yawo ba ce, daga ɗaki sai madafi sai hira da maƙwabta ta kan katanga. A lokacin da abin ya faru maigidana bai daɗe da rasuwa ba. Ya bar ni da yara huɗu da saniya guda, fara, mai sanyin hali, wadda ko ƙaramin yaro zai iya shiga ƙarƙashinta. Da nononta nake riƙe gidan. In tatsa da safe, in dafa, in zuba a ƙwarya ya kwana, washegari masu fura su zo su ɗauki kindirmo. Abinci da sabulu da littafin makaranta duk daga hantsarta suke fitowa.

Da ta haifi maraƙa mace, na yi murna har da hawaye, don na ga nan da 'yan shekaru shanu biyu zan riƙa tatsa. Akwai wata tsohuwar Bafulatana da ta baro daji ta zauna a layinmu, Goggo muke ce mata, ita ta koya mini aikin tun farko. Ta ce saniyar ƙasarmu ba ta sakin nono sai ta ji bakin ɗanta, don haka a fara sakin maraƙa ta tsotsa, sannan a ɗaure ta a gaban uwar a tatsa, kuma dole a bar mata rabonta. Kullum tana tsokanata wai ni 'yar birni ce, hannuna na murza tuwo ne, in yi hankali kada in mayar da saniya famfo.

Sai rani ya yi nisa. Dusa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, ko kowar wake da ake kawowa daga wajen Danchuwa sai mai hali. Na duba na ga abin da saniyar ke ci ya kusa cinye abin da take bayarwa. Ana haka wani mai shagon yogot ya aiko cewa yana son madara kullum da safe, amma sai in jarkarsa za ta cika, in ba haka ba zai nemi wata. Na zauna na yi tunani irin na wanda yunwa ke bi. Na ce a raina wannan maraƙa tana shanye abin da zai cika jarka, alhali ga ruwan dusa, ga ciyawa ta fara taɓawa. Daga ranar, da zarar ta sa baki nono ya sauko, sai in janye ta in tatse tas, in bar mata hantsa kamar tsumma.

Goggo ta leƙo wata safiya ta ga maraƙar tana tsotson igiya. Ta shafa haƙarƙarinta, ta dube ni ta ce, 'yar nan, wato kin shiga gasar shan nono da jaririya? Na yi dariya na ce mata na ɗan lokaci ne, da ruwa ya sauka zan sake mata. Ta ce maraƙa ba ta san lissafin damina ba, cikinta kawai ta sani. Wallahi na ji maganar, amma ranar jarka ta cika har baki, yarana sun ci shinkafa, sai na toshe kunnena.

Wajen mako shida na yi a haka. Gashin maraƙar ya tashi, idonta ya faɗa, zawo ya kama ta. Na sake mata nonon duka, na kira mai allurar dabbobi, ya ce jikin ya riga ya tafi, babu abin da magani zai kama. Ta mutu da hantsi, uwar tana tsaye a kanta tana lasa.

Washegari na tsuguna da ƙwarya, na ja, na ja, ko ɗigo. Saniyar ta riƙe nononta, sai kuka take tana kallon turken da babu kowa. Goggo ba ta ce mini ai na faɗa miki ba, da ma ta faɗa da na fi jin sauƙi. Ta sa aka feɗe fatar maraƙar, muka cusa mata ciyawa muka ɗinke, muka barbaɗa gishiri, muka ajiye a gaban uwar. Ta shinshina, ta lasa, nono ya ɗan sauko. Kwana huɗu muna yaudararta, a na biyar ta sa ƙaho ta watsar da abin, ta shiga cin ciyawar da ke ciki. Daga nan hantsa ta ƙafe.

Mai yogot ya koma wajen wata, masu fura suka daina sallama. Saniya kuwa ba ta daina ci ba don ta daina bayarwa, kuma kafin ta sake ɗaukar ciki ta haihu sai an shekara ana ciyar da ita. Ba ni da wannan ƙarfin. Ƙanin maigidana ya ja ta zuwa kasuwar shanu a lokacin da kowa ke fitar da nasa ramammu, aka saya a wulaƙance, kuɗin kuma ya bi cikinmu kafin kaka. Yanzu wankau nake yi da surfe, babbar 'yata ta bar makaranta tana taya ni, kuma ban ga ranar da zan sake ɗaure ko akuya ba.

Abin da na gane shi ne, mai saniya ɗaya ribarsa ba ta cikin jarka, tana jikin maraƙin da ke tsotso, kuma abin da na ɗauka asara ce shi ne jarin gaba ɗaya. Duk mai kiwon da tsadar dusa ta matse, ta rage ciniki, ta haƙura da mai saye, amma kada ta taɓa rabon maraƙi. Sai dai ni ma na san faɗar ta fi yin sauƙi. Ke da kike karanta wannan, in yaranki huɗu suka zuba miki ido, ga nono a hantsa, wa za ki hana?