Baba Ɗayyabu da Danshin da Ya Ji a Jingar Kanal

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Fabrairu, 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗayyabu, tsohon mai kula da kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu a gefen Tiga. Kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya, Baba, kuma ka san dalili.

A aji muka san juna, duk da ba ka taɓa zama a benci ba. Shekara tara da suka wuce, ina sabon malamin Turanci, ka zo wucewa ta bayan taga ka ji ina faɗa wa ɗalibai cewa "seep" na nufin yoyo. Ba ka kunyata ni ba. Ka jira aka tashi, ka yi sallama, ka ce, "Malam, gobe da hantsi ka kawo su bakin kanal. Kowa ya bar takalminsa a gida."

Muka je. Ka nuna mana wani tulu da ya fashe, ka ce wannan shi ne yoyo, akwai ramin da za a toshe. Sannan ka sa muka taka bayan jingar kanal da tafin ƙafa, a hankali, har muka isa inda ƙasa ta yi sanyi alhali ido bai ga komai ba. Ka ce nan ruwa tsattsafowa yake yi, yana bin ƙasa kamar gumi, kuma shi ne abin da injiniyoyi ke kira da waccan kalma. A bakinsu ka tsince ta kana lebura matashi, shekarun da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinku. Da na koma ƙamus sai na tarar asalinta wata tsohuwar kalma ce mai nufin jiƙa. Na zo da gudu na faɗa maka, ka yi dariya ka ce, "Ashe Turawan ma da ƙafa suka fara ganewa."

Tun daga ranar, duk ajin da na koyar sai ya taka wannan jinga. Ba ka taɓa karɓar komai ba, sai dai ka sallame mu da albasa daga fadamarka.

Ga abin da ke cina. Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarka ka same ni a ƙofar masallaci, kana haki. Ka ce ka ji danshi a jinga, daidai saman gonakin alkama, ka kafa turke uku a wurin. Ka ce in rubuta wa ofishin ruwa takarda da Turanci. "Kada ka ce yoyo," in ji ka. "Za su zo neman rami, su rasa, su koma. Ka sa musu kalmarmu." Na ce to, Baba, da zarar na gama duba jarrabawa. Ban rubuta ba har aka ɗauke ka.

Washegarin jana'iza na rubuta, na hau acaɓa na kai da hannuna. An karɓa, an buga hatimi, har yau ba wanda ya zo. Kullum da safe ina cire takalmi in taka wurin. Jiya sanyin ya wuce turke na uku da taku biyu. Ƙafata ba taka ba ce, ban san ko wannan da yawa ne ba, kuma wanda zan tambaya ya tafi. A ƙasan wurin akwai alkamar gida goma sha ɗaya, har da ta iyalinka, kuma idan jingar ta ɓalle ruwa zai tafi da ita duka. Gobe zan sake komawa ofishin, kuma ina roƙon masu gonakin mu tafi tare.

Allah Ya jiƙanka, Baba Ɗayyabu, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Inna Habiba, Tasi'u, Rufaida da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ni kuma ku roƙa mini gafarar kwana biyar ɗin da na ɓata.