Matar da Ta Rage wa Babana Awo

Duk ranar kasuwa, wato bayan kwana biyar-biyar, kafin masu taliyar shinkafa su gama hura wuta, Goggo Duan Lanfen ta riga ta iso gindin tsohuwar gada da kwanduna biyu rataye a sandar kafaɗa. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta zuba tabarta tsibi huɗu, tun daga mai ruwan zuma wadda ba ta ko ƙaiƙayin maƙogwaro, har zuwa baƙar nan da ke sa ƙato share hawaye. Ta jera kujeru 'yan tsugunne guda biyar. Ta ɗauraye lofe uku na gora, ta zuba musu sabon ruwa, ta kunna tsinken turaren da ake ɗosana wa taba, ta soke shi a ƙasa. Sannan ta ɗauko sikelinta, sandar nan mai ɗigo-ɗigon tagulla da ta gada wurin surukinta, ta zauna. Shekara talatin da huɗu tana wannan. Kasuwar da ta wuce ita ce ta ƙarshe, don wuyan hannunta ya ƙi wuƙa, kuma 'yarta ta matsa sai ta koma wurinta ta huta.

Ita ke zaɓen ganyenta a gona, ita ke shafa masa ɗan mai, ta danne shi tsakanin katako biyu har ya zama dunƙule, ta bi shi da faffaɗar wuƙa tana ferewa siri-siri kamar gashin kai. Ba a sayen taba a wurinta sai an zauna an ɗana. Ka ja, ruwan gora ya yi gurgur, ita kuwa fuskarka take kallo. In ka yamutsa hanci ta ƙara mai ruwan zuma, in ka yi shiru ta ƙara baƙa. Sau ɗaya ta haɗa maka, shi ke nan, ko bayan shekara goma ka dawo ba sai ka buɗe baki ba. Kuma kowa a garinmu ya san sandar Goggo Duan ba ta tsayawa daidai. Kullum wutsiyarta sama take kallo, alamar an cika maka har an zarce, sannan ta ɗibi gyara da yatsu uku ta ɗora.

Babana, Pu Dehou, shekara talatin yana zama a kujera ta biyu daga hagu. Kafinta ne, mai taurin kai na bugawa a jarida. Bara wani likita a birnin Kunming, inda nake tuƙin motar haya, ya ga wani tabo a huhunsa. Ya ce abin zai ciru, ya sa ranar aiki nan da wata huɗu, amma da sharaɗi: sai Baba ya yi wata guda cur bai ja hayaƙi ba, in ba haka ba ba za su taɓa shi da wuƙa ba. Baba ya saurare shi tsaf, muka fito, ya ce da ni, "Wannan yaron ko gemu bai yi ba."

To, ga inda na tafka wautata, kuma ba zan ɓoye ba. Na shiga wani kanti mai gilashi a birni, inda ake sayar da tabar ƙasar waje a gwangwani, mai hoton jirgin ruwa a murfi. Na shinshina, ƙamshi kamar alewa. Na ce a raina ai wannan ta masu kuɗi ce, a rufe take, tsaf-tsaf, ba irin ta kasuwa da ke shan iska ba. In Baba ya koma kanta zai rage a hankali. Na sayi gwangwani shida, na kai masa a gaban maƙwabta ina wani ɗaga kafaɗa.

Kai, ban san na kai masa bala'i ba. Wannan taba an yi ta ne don ƙaramin lofen katako, a guntsi hayaƙin a baki a fesar. Baba kuwa ya cusa ta a lofen gora, ya zuƙe ta har ƙasan ƙirji yadda ya saba. Ga shi kyautar ɗa ce, a wurinmu ba a ajiye ta a lungu, dole duk wanda ya shigo a nuna masa, a kunna. Kuma da zarar an fasa murfi sai ya ce, "Bushewa za ta yi, a bar kuɗin yaro ya tafi a banza?" Da can sai ranar kasuwa yake samun awonsa, ya lallaɓa shi kwana biyar. Yanzu taba ta tare a ɗakinsa. Cikin sati uku ya cinye gwangwani uku, ya daina zuwa kasuwa, tarinsa kuwa daga bakin titi ake ji.

Goggo Duan ce ta aiko a kira ni. Na same ta tana fere taba, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗan Pu, kasuwa huɗu kujerar ubanka babu kowa. Ya mutu ne ba ku gaya mini ba?"

Na ba ta labari duka, har da na gwangwani. Ta miƙo hannu, na ba ta ɗaya da ke aljihuna. Ta buɗe, ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina.

"Taba ce mai kyau," in ji ta. "Wanda ya yi ta ya san aikinsa. Amma bai san ubanka ba. Gwangwani ya san wanda ke tari? Ya san wanda likita ya sa wa rana? Abin da aka zuba masa shi zai ba ka, ko kana kan gadon asibiti. Kai kuma da girmanka, da furfura a gefen kunne, ka kwaso shida. Shida! Me ya hana ka kawo da mota?"

Na karɓi gwangwanin na mayar aljihu. Ta ce in kwashe sauran in mayar birni, in ce wa Baba maigidana a wurin aiki ya gani ya yaba, ba yadda zan yi in hana shi. Sauran aikin kuma in bar mata.

Kasuwa ta gaba Baba ya dawo kujerarsa yana cika yana batsewa. Wani mai gasa awara da ake kira Tsoho Na, wanda teburinsa ke jikin tabarmarta, shi ya ba ni labarin abin da ya gani. Ya ce ta haɗa wa Baba tabarsa, amma hannunta ya fi zuwa tsibin mai ruwan zuma. Da ta ɗaga sikeli, sanda ta tsaya daidai, wutsiya ba ta tashi ba. Gyara kuwa ko ƙwalli. Kasuwar da ta biyo baya, wutsiyar sanda ta sunkuya ƙasa. Ta gaba ta ƙara sunkuyawa. Kuɗin abin da ta ba shi kawai take karɓa, amma wa ke kallon tafin hannu? Sanda kowa ke kallo.

Nan fa magana ta tashi. Aka ce Duan ta tsufa ta koyi ƙwange, kuma da wa ta fara, da mara lafiya. Mutum uku cikin tsofaffin masu sayenta suka koma wurin wani a ƙofar kudu. Wata mata ta tsaya a gabanta ta ce, "Ashe haka kike? Tir." Tsoho Na ya ce har ya tashi zai yi magana, don shi ya gane, sai ta harare shi ta ce, "Juya awararka, tana ƙonewa." Ta san in maganar ta fito fili cewa lallaɓa Baba ake yi, girman kansa ba zai bar shi ya sake zama a kujerar ba, kuma kantin gwangwani yana nan a buɗe.

Ba awo kaɗai ta rage ba. Ta ce masa hannunta na ciwo, ko Yaya Pu zai taimaka ya yanka mata takardun ƙunshi? Daga nan sai gyaran ƙafar kujera, sai sabon katakon danna ganye. Hannun da ya saba neman lofe ya samu abin yi. A kasuwa ta goma sha ɗaya, saura kwana talatin da biyu a yi aiki, ta ɗibi taba da yatsu biyu, ko sikeli ba ta taɓa ba, ta cusa masa a lofe da kanta.

"Yaya Pu, ja wannan a nan. Babu na tafiya gida."

"Ƙanwa Duan, kasuwar taki ta karye ne?"

"Ta karye a kanka."

Ya ja, ya daɗe yana fesarwa, ya jingine lofen. Bai sake ba. Ba zan ce watan nan ya zo da sauƙi ba; ya zagi kaza, ya zagi ƙofa, ya zage ni ta waya sau biyu a rana. Amma duk ranar kasuwa yana kujerarsa yana yanka takarda, yana ɓare gyaɗa daga wani gwangwani mai hoton jirgin ruwa da ya rage a gida. Aka yi aiki, aka cire tabon. Yau wata goma sha huɗu, kuma jiya da idona na gan shi ya hau matakalar gada bai tsaya hutawa ba. Na juya baya na share ido, kada ya gani ya yi mini tsiya.

Goggo Duan, ke ce mai sayarwar da ta kori mai sayenta na shekara talatin da hannunta, tana sane. Ke ce kika bari aka ci mutuncin sandarki a tsakiyar kasuwa, sandar da ita ce sunanki, don wani tsoho mai taurin kai ya ga bikin jikarsa. Ni da aka haife ni a gidansa ƙamshi da murfi na gani. Ke kika ga mutumin.

Ranar kasuwarki ta ƙarshe ina wurin. Masu sayenki uku da suka gudu sun dawo suna sunne kai, don Tsoho Na ya gaji da riƙe magana, ya baza ta tun bayan aikin. Da kika fara naɗe tabarma, Baba ya miƙe, ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba in ba a gaban kabarin kakana ba.

"Ƙanwa Duan, kin ɗauka ban sani ba? Kafinta ne ni fa. Tun ranar da sanda ta tsaya daidai na gane."

"To me ya sa ba ka yi magana ba, tsohon banza?"

"In na yi magana dole in yi fushi. In na yi fushi kuma ina zan zauna?" Ya juya hular a hannunsa. "Shekara talatin kina ɗaga mini sanda, ban taɓa cewa na gode ba. Na gode da wadda kika sauke."

Kika ce masa ya matsa, yana tare miki hanya, amma mun ga kin goge fuska da bakin hannun riga.

Ni ma na gode, Goggo, a madadin gidanmu duka. Ki je ki huta, hannun nan ya yi abin da zai yi. Ku kuma masu riƙe da sikeli, ko na taba ne, ko na gishiri, ko na magani, kafin ku kalli sanda ku ɗaga ido ku kalli wanda ke tsaye a gabanku, yadda ta yi. Kujera ta biyu daga hagu tana gidanmu yanzu, ita ta ba Baba. Kullum da safe yana kanta a ƙofar gida, da gwangwaninsa na gyaɗa a cinya, yana numfashi.